Likkafanin Turin a Gaban Ma'aunin Kimiyya

A wurinmu likkafani kaya ne na tafiyar da ba a dawowa. A yanko farin yadi, a naɗe mamaci, a kai shi makwancinsa, kuma babu mai sa ran ya sake ɗora ido a kan yadin. Wannan ne ya sa labarin wani ƙyalle da ke ajiye a babbar majami'ar Yohanna Mai Baftisma ta birnin Turin, a arewacin Italiya, yake girgiza duk wanda ya fara jin sa. Miliyoyin Kiristoci sun ɗauka shi ne likkafanin da aka naɗe gawar Yesu Almasihu a ciki bayan an sauko da shi daga gicciye, wanda almajiransa suka tarar a kabari ba kowa a cikinsa. Duk shekara da zarar Ista ta ƙarato, hoton fuskar da ke jikin ƙyallen sai ya cika wayoyi a Facebook da WhatsApp, tare da saƙon cewa masana kimiyya sun gama tabbatar da komai, har ma a ce hukumar NASA ta Amurka ta sa hannu.

Ni Kirista ne, na gaskata cewa Almasihu ya mutu, ya kuma tashi. Duk da haka ba na tura wa kowa wannan saƙon, domin abin da ke cikinsa ya zarce abin da bincike ya nuna. Maganar ƙyallen nan ta fi sarƙaƙiya a kan yadda masu tallarsa da masu yi masa dariya suke faɗa.

Tsawonsa kusan mita 4.4 ne, faɗinsa mita 1.1. Na lilin ne, wato zaren da ake cirewa daga ɓawon wani tsiro kusan yadda muke sarrafa rama, an kuma yi masa saƙa mai layuka a karkace kamar ƙayar kifi, irin wadda sai gwanin masaƙi. A jikinsa akwai surar mutum tsirara, ta gaba da ta baya, kai da kai, kamar an kwantar da shi a rabin ƙyallen aka rufo shi da ɗaya rabin ta kansa. Surar dishi-dishi ce, launin busasshen kara. In ka matso kusa sai ta ɓace maka, sai ka ja baya 'yan taku kafin ka gane mutum ne. Akwai tabo masu kama da jini a goshi da ƙeya, a wuyan hannu, a ƙafafu, da wani babba a kwiɓi. Bayan mutumin da cinyoyinsa kuwa cike suke da sawun bulala sama da 100. Duk wanda ya san labarin Jumma'ar da aka gicciye Yesu ba ya bukatar a faɗa masa wanda ake nufi. Inda ake jayayya shi ne, gawa ce ta bar wannan sawu, ko kuwa hannun wani ne ya yi shi.

Tarihin ƙyallen mai takarda ya fara ne a wani ƙauye mai suna Lirey a Faransa, wajen 1355. Wani barde, Geoffroi de Charny, ya gina ƙaramar majami'a a can, aka fara baje ƙyallen ga masu ziyarar ibada. Barden ya mutu a yaƙin Poitiers a 1356 bai bar bayanin inda ya samo shi ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shugabannin ikkilisiya ne suka fara ƙaryata shi. A 1389 bishop na Troyes, Pierre d'Arcis, ya shirya takarda zuwa ga Clement na Bakwai, wanda ke riƙe da kujerar Fafaroma a Avignon lokacin da ikkilisiya ta dare gida biyu, yana cewa magabacinsa ya bincika shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ya gano wanda ya zana surar, mutumin kuma ya amsa aikinsa ne. A 1390 Clement ya yarda a ci gaba da nuna ƙyallen, da sharaɗin a riƙa sanarwa da babbar murya cewa kwatanci ne na likkafanin Ubangiji. Masu kare ƙyallen suna da tasu amsar: kwafin takardar da suka rage ba su da sa hannu ko kwanan wata, ba a ambaci sunan mai zanen ba, kuma ana zargin kishin kuɗin da maziyarta ke kai wa Lirey na cikin abin da ya tunzura bishop ɗin. Amsar tana da nauyinta. Sai dai a 2025 an fito da wani rubutu na Nicole Oresme, shahararren malami kuma bishop da ya rasu a 1382, inda ya kawo wannan ƙyalle a matsayin misalin damfarar da wasu limamai ke yi don tara kuɗi. Ke nan d'Arcis ba shi kaɗai yake wannan magana a zamaninsa ba.

Kafin 1355 kuwa akwai giɓin shekara 1,300. An yi ƙoƙarin cike shi da wani mayafi mai fuskar Yesu da aka daɗe ana girmamawa a birnin Edessa, da labarin wani sojan Faransa, Robert de Clari, da ya ce ya ga likkafani mai surar Ubangiji a Kustantiniya kafin a wawashe birnin a 1204, da kuma wani zane a cikin tsohon littafin addu'a na ƙasar Hungari na wajen 1192 zuwa 1195. Kowanne yana da ɗan kama, amma babu takarda ɗaya da ta ɗinke su da ƙyallen Lirey.

Daga nan tafiyarsa a fili take. A 1453 jikar barden ta miƙa shi ga gidan sarautar Savoy. A 1532 gobara ta tashi a majami'ar Chambéry inda aka ajiye shi a ninke cikin akwatin azurfa. Narkakkiyar azurfa ta ɗiga ta ƙona shi, wasu mata masu hidimar addini suka yi masa faci a 1534. A 1578 aka kai shi Turin don a rage wa babban bishop na Milan, Carlo Borromeo, nisan tattakin da ya yi alwashin yi a ƙafa. Gidan Savoy ya riƙe shi har 1983, lokacin da sarkin Italiya na ƙarshe, Umberto na Biyu, ya rasu ya bar wa Fafaroma shi a wasiyya.

Da a nan labarin ya tsaya, da ƙyallen ya zama ɗaya daga cikin ɗimbin kayan tarihi da ke kwance a majami'un Turai. Abin da ya sauya komai ya faru ne a watan Mayun 1898, lokacin da aka ba wani lauya mai sha'awar ɗaukar hoto, Secondo Pia, izinin ɗaukarsa. Waɗanda suka riski zamanin wankin hoto sun san nagatif, inda fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari, fuska ta fito kamar ta dodo. Da Pia ya ɗaga farantin gilashinsa daga ruwan wanki, sai ya ga akasin haka. Nagatif ɗin ne ya fito da fuska sosai, mai haske da inuwa a inda suka dace, idanu a rufe, da wata natsuwa da ke sa tsikar jiki ta tashi. Ma'ana surar da ke jikin ƙyallen ita kanta kamar nagatif take. An zargi Pia da maguɗi, har sai da wani ƙwararren mai hoto, Giuseppe Enrie, ya maimaita aikin a 1931 ya samu abu ɗaya. Tambayar da ta taso daga nan har yau tana da ƙarfi: me zai sa mai zane na ƙarni na 14 ya yi surar da ba za a ga kyanta ba sai bayan shekara 500?

Likitoci ma suka shigo. Pierre Barbet, likitan fiɗa a Paris, ya yi gwaji da gawarwaki a shekarun 1930, ya ce tafin hannu ba zai ɗauki nauyin mutum ba, ƙusa za ta yaga shi, don haka a wuyan hannu ake kafa ta, kamar dai yadda ƙyallen ya nuna, saɓanin yadda aka saba zana gicciye. A 1976 wasu masana biyu na rundunar sojan saman Amurka, John Jackson da Eric Jumper, suka sa hoton a wata na'ura mai mayar da duhu da haske su zama tudu da kwari, sai surar ta taso da hanci da kumatu da ƙirji daidai gwargwado, abin da hoto na yau da kullum ba ya yi. Nan ne tushen maganar NASA. Wasu ma'aikatan ɗakin bincikenta sun shiga aikin a ƙashin kansu, amma hukumar ba ta taɓa yanke hukunci a kan ƙyallen ba.

A watan Oktoban 1978 aka ba wata tawagar masana kimiyya ta Amurka, mutum talatin da 'yan kai, awa 120 tare da ƙyallen. Cikinsu akwai Katolika, akwai 'yan wasu ɗarikun, akwai Yahudawa, akwai waɗanda ba ruwansu da addini. Sun haska shi da fitilu iri-iri, sun ɗauki hotonsa da na'urar hoton ƙashi, sun manna salatif sun ɗebo ƙananan zaruruwa. Rahotonsu na 1981 ya ce ba fenti ba ne ya yi surar, babu sawun buroshi, launin yana kan fatar zaruruwan sama ne kawai bai ratsa ciki ba, tabon kuma jini ne. John Heller da Alan Adler, waɗanda suka yi aikin jinin, sun ƙara da cewa babu sura a ƙarƙashin tabon, wato jinin ya riga surar hawa ƙyallen. Rahoton bai ce gawar Yesu ce ba. Ya rufe ne da cewa yadda surar ta samu abu ne da ba a warware ba.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Walter McCrone, wanda ya yi suna a duniya wajen binciken ƙananan abubuwa da madubin ƙara girma, ya duba waɗancan salatif ɗin ya ce ya ga jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe da wani jan launi da masu zanen Turai ke amfani da shi, an kwaɓa su da ruwan danƙo. A ganinsa zane ne da fenti mai ruwa-ruwa. Sauran tawagar suka ce ɓurɓushin bai kai yawan da zai yi sura ba, kuma an san masu zane sun riƙa goga kwafinsu a jikin ƙyallen don neman albarka. Daga baya wasu masana jini sun nuna cewa gwajin wancan zamani bai isa ya tabbatar da cewa jinin na ɗan Adam ne ba, balle a ce rukunin AB ne kamar yadda ake yaɗawa. Ko da ma jinin mutum ne, samun jini bai gagari mai haɗa kaya a kowane zamani ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar magana ita ce shekarun yadin kansa. Duk tsiron da ke raye yana shaƙar kabon daga iska, a cikinsa kuma akwai wani nau'i da ake kira kabon-14, wanda ke raguwa da kansa. Ranar da aka yanke tsiron, shigar sabo ta tsaya, wanda ke ciki ya fara ƙarewa, rabi a duk shekara 5,730. Auna abin da ya rage, sai ka san lokacin girbi. Da wannan hanyar aka gano cewa kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da ke cikin jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000.

Ranar 21 ga Afrilun 1988 aka yanko wani siririn yanki daga kusurwa ɗaya ta ƙyallen, aka raba wa ɗakunan gwaji uku: Oxford a Ingila, Zurich a Suwizalan, da Arizona a Amurka, ƙarƙashin kulawar gidan tarihi na Birtaniya. An haɗa musu da wasu ƙyallaye da aka riga aka san shekarunsu, ciki har da na naɗin gawa daga tsohuwar Masar da zaren rigar wani bishop na Faransa, don a ga ko awonsu zai yi daidai, ya kuma yi. Ranar 13 ga Oktoba babban bishop na Turin, Kadinal Anastasio Ballestrero, ya sanar da sakamako da bakinsa: an girbe tsiron da aka yi lilin ɗin tsakanin 1260 da 1390, da tabbacin kashi 95 cikin 100. Shekarun Lirey da takardar d'Arcis duk suna cikin wannan tsakani. Tarihi da awo, biyu da ba su san juna ba, suka nuna wuri guda.

An yi ta sukar gwajin, kuma wasu sukan gaskiya ne. Tsarin farko ya tanadi ɗakunan gwaji bakwai, aka rage su zuwa uku. An ɗauki samfur daga wuri ɗaya tak, kusurwar da hannaye suka sha riƙewa duk lokacin da aka baje ƙyallen. A 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin Tristan Casabianca, bayan sun yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai sun karɓo ɗanyen lissafin, sun nuna cewa awon bai daidaita ba daga wannan gefen yankin zuwa wancan. Na Oxford ya girmi na Arizona da kimanin shekara 100. Wannan aibi ne na gaske. Amma aibin shekara 100 daban, giɓin shekara 1,300 daban. Masu cewa datti, hayaƙin gobara da gumin hannu ne suka ruɗe na'ura, lissafi bai goyi bayansu ba: kafin yadin ƙarni na farko ya auna kamar na ƙarni na 14, sai sama da kashi 60 cikin 100 na kabon da ke cikin samfurin ya zama sabon datti, wato dattin ya fi yadin yawa, alhali an wanke kowane yanki da sinadarai kafin awo.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta Raymond Rogers, masanin sinadarai na tawagar 1978, wanda ya wallafa a 2005 cewa kusurwar da aka yanka faci ce da aka saƙa da gwaninta daga baya, da auduga da rini a cikinta. In haka ne, facin aka auna. Sai dai Mechthild Flury-Lemberg, ƙwararriyar masaniyar tsofaffin yadudduka da ta jagoranci gyaran ƙyallen a 2002, ta ga gabansa da bayansa da idonta, ta ce babu irin wannan facin, ga shi kuwa ita tana cikin masu ganin ƙyallen na gaske ne. A 2010 ɗakin gwajin Arizona ya sake duba ragowar yankinsa bai ga rini ba.

A nan ina roƙon 'yan'uwana Kiristoci mu yi wa kanmu adalci. Ɗakunan gwaji na Zurich da Arizona ɗin nan su ne a farkon shekarun 1990 suka auna littattafan da aka samu a kogwannin dutse kusa da Tekun Gishiri, suka tabbatar da cewa naɗaɗɗen littafin Annabi Ishaya ya girmi haihuwar Almasihu, muka yi murna, muka hau bagade da labarin. Haka 'yan'uwanmu Musulmi suka yi farin ciki a 2015 da ɗakin gwajin Oxford ya ce fatar wasu shafukan Alƙur'ani da ke jami'ar Birmingham ta kasance tsakanin 568 da 645. Ma'aunin ɗaya ne. Bai kamata mu rungume shi ran da ya faɗi abin da muke so, mu kira shi maƙaryaci ran da ya saɓa mana ba.

To, surar fa? Nan ne masu cewa an gama magana tun 1988 su ma suke yin gaggawa. Har yau babu wanda ya haɗa kwafin da ya tattara dukkan siffofinta. A 2009 Luigi Garlaschelli na jami'ar Pavia ya shimfiɗa lilin a kan mutum, da sassaƙaƙƙiyar fuska mai ɗan tudu, ya goga launi mai ɗan sinadarin tsami, ya gasa yadin ya wanke, sai aka samu sura dishi-dishi mai kama da nagatif. Daga nesa ta yi kama sosai. A ƙarƙashin madubi kuwa zaruruwan ba su yi daidai da na Turin ba. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a wata hukumar makamashi ta Italiya sun samar da launi mai kama da shi a 2011 ta hanyar harba wani haske mai tsananin ƙarfi, wasu suka ce ga shaidar hasken tashi daga matattu. Gwajin ya nuna cewa haske na iya yin irin launin ne kawai, bai nuna cewa shi ya yi shi ba. Akwai kuma abin da kowa zai iya jarrabawa a gida: shafa gawayi a fuska, ka naɗa farin ƙyalle, ka buɗe, za ka ga fuskar ta fito da faɗi kamar faifai, domin yadin ya zagaya har kunnuwa. Fuskar Turin ba ta da wannan faɗin, gashin kuma ya sauka a gefen kumatu kamar na mai tsaye. Wannan ya fi dacewa da sassaƙa mai ɗan tudu fiye da gawa a kwance. Amsar masu kare ƙyallen ita ce wani haske ne ya fita daga jikin a miƙe, maganar da babu gwajin da zai iya tabbatar da ita ko ya rushe ta.

Sauran shaidun da ake yawan kawowa sun fi rauni. Ƙurar furannin Falasɗinu da Max Frei ya ce ya samu a 1973, masana tsirrai sun yi shakkar yadda ya tantance ta. Binciken ƙwayoyin halittar gado na 2015 ya samu sawun mutane da tsirrai daga Turai, Gabas ta Tsakiya, Afirka har Indiya, abin da ya nuna yawan hannayen da suka taɓa shi. Labarin da ya karaɗe duniya a 2024 kuwa, cewa sabon awo ya mayar da ƙyallen zamanin Yesu, aiki ne da Liberato De Caro da abokansa na birnin Bari suka wallafa tun 2022. Sun duba yadda zare ɗaya ya tsufa suka kwatanta shi da wani lilin na ƙarni na farko da aka samu a Masada, a ƙasar Isra'ila ta yau. Hanyar sabuwa ce, su suka ƙirƙiro ta, sakamakon kuma ya dogara ne da zaton cewa ƙyallen ya shafe ƙarni 13 a wani ƙayyadadden zafi da laima. Su da kansu sun nemi wasu su maimaita gwajin.

Littafi Mai Tsarki ma yana da abin cewa. Matiyu, Markus da Luka sun ce Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe gawar a likkafanin lilin. Yohanna, a sura 19 da 20, ya yi maganar ƙyallaye fiye da ɗaya, da kayan ƙamshi masu yawa da Nikodimu ya kawo, da mayafin kai da Bitrus ya gani a naɗe a gefe shi kaɗai. John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya kafa hujja da wannan tun 1543 a kan likkafanan da ake nunawa a zamaninsa, ya kuma tambaya yadda za a ce marubutan Bishara su ga surar Ubangiji a jikin yadi su yi shiru. A shekarar 2000 an tono wani kabari na ƙarni na farko a kwarin Hinnom na Urushalima da ragowar likkafani a ciki. Saƙarsa mai sauƙi ce, kuma ba yadi ɗaya ba ne. Kabari ɗaya ba ya zama doka ga kowa, Yusufu kuma mai arziki ne da zai iya sayen yadi mai tsada. Amma wannan ma bai ƙara wa ƙyallen Turin nauyi ba.

Idan na haɗa duka, na fi karkata ga cewa yadin na ƙarni na 13 ko 14 ne, surar kuma aikin wani ne da har yanzu ba a gano dabararsa ba. Rashin sanin yadda aka yi abu bai mayar da shi mu'ujiza ba. Ina kuma ganin ya kamata a sake awo, da samfur daga wurare da dama nesa da kusurwa, tunda na'urorin yau ɗan mitsitsi suke bukata. Fadar Fafaroma ba ta ba da wannan izini ba tun 1988.

A ce ma an sake awo ya nuna ƙarni na farko. Me za mu samu? Likkafanin wani mutum da aka yi wa bulala aka gicciye, a zamanin da Romawa suka gicciye dubbai. Tabon kai da na kwiɓi, da suka dace da rawanin ƙaya da sukan mashi na labarin Bishara, za su sa a ce da wuya in ba Yesu ba ne. Amma yadin ba zai faɗi cewa wanda ke ciki ya tashi ba, ba zai faɗi cewa mutuwarsa fansa ce ba. Musulmi, da ke riƙe da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i cewa ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, zai iya kallon yadin ya ce na wanda aka kamanta ne. 'Yan Ahmadiyya ma sun daɗe suna kafa hujja da wannan ƙyalle cewa Isa bai mutu a kan gicciye ba, wai jinin ya nuna zuciya na bugawa. Yadi ɗaya, kowa na karanta abin da ya zo da shi.

Ikkilisiyar Katolika ta fi 'ya'yanta da yawa taka-tsantsan. Ta yarda a girmama ƙyallen, har Fafaroma Julius na Biyu ya sa masa ranar idi a 1506, amma ba ta taɓa wajabta wa kowa gaskata cewa na Yesu ne ba. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya tsaya a gabansa a 1998, ya kira shi madubin Bishara, ya ce tunda ba batun bangaskiya ba ne, ikkilisiya ta bar wa masana kimiyya binciken, ya kuma roƙe su kada su shiga da hukuncin da suka riga suka yanke. Benedict na Sha Shida a 2010 da Francis a 2013 duk sun zaɓi kalmar da ke nufin sura mai tsarki da ake kallo don yin tunani. Na fahimci dalilin. Wanda ya daɗe yana kallon bayan nan mai sawun bulala zai ji nauyin abin da muke karantawa a Jumma'ar gicciye fiye da yadda wa'azi da yawa ke sa shi ji, ko da wane ne ya yi surar. Ba na raina hawayen wanda ya tsaya a layi a Turin.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma Toma, almajirin Yesu, ma haka ya ɗauka da ya ce ba zai gaskata tashinsa ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa. Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa, sannan ya sa albarka ga waɗanda ba su gani ba suka kuwa ba da gaskiya. Sha'awar taɓa wani abu ba zunubi ba ce. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba da labarin ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus aka kai wa marasa lafiya. Amma sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagullar da Musa da kansa ya ƙera, ran da ya ga mutane sun koma ƙona masa turare. Tsorona shi ne matashin da aka gaya wa cewa kimiyya ta tabbatar da tashin Almasihu ta wannan yadi, ya shiga jami'a ya karanta sakamakon 1988, ya fara tambayar kansa sauran me aka faɗa masa da ba haka yake ba.

An taɓa shiga irin wannan hali. A Cadouin, wani gidan ibada a kudu maso yammacin Faransa, an shafe ƙarnuka ana girmama wani ƙyalle a matsayin mayafin kabarin Yesu, maziyarta na tururuwa. A farkon shekarun 1930 wani limamin Katolika ya lura cewa adon da ke bakinsa ya yi kama da rubutu, aka kai wa masanin Larabci Gaston Wiet. Rubutun Kufi ne, wani tsohon salon rubutun Larabci, ya fara da bisimilla, yana kuma ɗauke da sunan al-Musta'li, halifan Faɗimawa da ya mulki Masar daga 1094 zuwa 1101. A 1934 bishop na yankin ya dakatar da ziyarar, aka mayar da ƙyallen cikin kayan tarihi, inda ake ƙirga shi a yau cikin mafi kyawun saƙar Masar ta wancan zamani da ta rage. A majami'ar Cadouin kuwa aka ci gaba da sujadar Ista kamar kowace shekara.